Dandalin Forum Ko Kasuwar Macellum: Wanne Ya Fi Bayyana Rayuwar Pompeii?

Mai ziyartar kufan birnin Pompeii a kudancin Italiya, wanda toka daga dutsen Vesuvius ta binne a shekara ta 79 Miladiyya, zai tarar da wurare biyu maƙwabtan juna waɗanda aikinsu ya bambanta.

Forum shi ne dandalin gari, fili mai tsawo wanda ginshiƙai suka kewaye shi, ga haikalin Jupiter, babban abin bautar Rumawa, a arewacinsa, ga zauren Basilica inda ake shari'a da ƙulla ciniki, ga kuma wurin zaɓen shugabannin gari. An toshe hanyoyin shiga da duwatsu domin kada amalanke ya ratsa, kuma a gefen yamma akwai teburin dutse mai ramuka da hukuma ke gwada ma'aunin 'yan kasuwa da shi.

Macellum kuwa kasuwar abinci ce a kusurwar arewa maso gabashin dandalin, an zagaye ta da katanga da shaguna. A tsakiyarta akwai rumfa mai da'ira a kan ginshiƙai 12, kuma a magudanar ruwanta masu tonon tarihi suka samu ƙayoyin kifi da ɓawonsa, shaidar cewa a nan ake wanke kifi kafin a sayar.

A ganina, Forum yana nuna yadda manya suka so a gan su, da gumakansu da rubuce-rubucen yabo, amma Macellum ya fi kusantar da mutum ga mahauci da mai kifi da bawan da aka aiko cefane da safe, shi ya sa nake fifita shi.