Notepad++ da dos2unix: wanne ya fi gyara ƙarshen layi?

Masu ɗora shafukan intanet a Sakkwato, da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke rubuta aiki a laftof mai Windows su tura shi sabar Linux, sun san wannan ciwon kan. Fayil yana lafiya a nan, a can kuma ya ƙi aiki, sai ka ga an rubuto "/bin/bash^M: bad interpreter". Ba ƙwayar cuta ba ce, ba kuma filashin ne ya lalace ba.

Asalin abin daga tafireta yake. Mai buga takarda in ya kai ƙarshen layi, abu biyu yake yi: ya mayar da kan injin farko, sannan ya murɗa takarda sama. Na farko shi ne CR, lambarsa 13. Na biyu LF, lambarsa 10. Windows na rufe kowane layi da su biyun, Linux da macOS na yanzu LF kaɗai suke sawa, tsohon Mac na kafin 2001 kuwa CR kaɗai. Wancan ^M ɗin CR ne da Linux ya ɗauka a matsayin wani ɓangare na sunan bash, manhajar da ke aiwatar da umarnin fayil ɗin, ya neme shi ya rasa.

Notepad++ kyauta ne, Don Ho ya fitar da shi a 2003, kuma ba ya cin data mai yawa wurin saukewa. Akwai ma wanda ba sai an girka ba, a ajiye a filashi a buɗe a kowace kwamfutar shago. Babban abin yabonsa shi ne yana nuna maka matsalar ƙiri-ƙiri. Ka shiga View, sai Show Symbol, sai Show End of Line, za ka ga CR da LF a baƙaƙen akwatuna a ƙarshen kowane layi. Gyara kuwa Edit ne, sai EOL Conversion, ka zaɓi Unix ko Windows, ka adana. Sandar ƙasa ta dama tana faɗin tsarin da fayil yake kai.

Amma yana da tarko. In fayil ya gauraya, wasu layuka da CR LF wasu da LF kawai, wanda ke faruwa in mutum biyu sun yi aiki a kansa, manhajar kan kashe zaɓin tsarin da take ganin fayil ɗin yana kai, ba ya dannuwa. Dabarar ita ce ka juya shi zuwa ɗaya tsarin, sannan ka dawo da shi wanda kake so. Kada ka yi gaggawar amfani da Replace kana musanya \n da \r\n, wato LF da CR LF, domin layukan da suke da CR tun farko za su koma da biyu. Sannan Notepad++ na Windows ne kawai, kuma in fayiloli sun kai hamsin, buɗe su ɗaya bayan ɗaya wahala ce.

A nan dos2unix, wanda umarni ne da ake bugawa da hannu, ya yi masa fintinkau. A Ubuntu, wani nau'in Linux, sudo apt install dos2unix ya wadatar, yana zuwa tare da unix2dos da mac2unix. Kafin ka taɓa komai, dos2unix -i da sunan fayil zai ƙirga maka layuka nawa ne na kowane tsari. Ka lura, in ka ba shi suna kawai, a kan asalin fayil ɗin yake rubutawa ba tare da tambaya ba. Saka -n da suna biyu in kana son tsohon ya tsira. Ga babban kundi, find . -name "*.sh" -exec dos2unix {} + zai gyara su a daƙiƙu. Shi dos2unix yana tsallake hotuna da makamantansu da kansa, abin da sed, wani umarnin sauya rubutu a Linux, ba ya yi. Rauninsa, ba ya nuna maka komai da ido, kuma wanda bai saba da baƙin allon umarni ba zai ɗan sha wuya.

Wani kuskure da ake yawan yi: in ƙ, ɗ da ɓ suka rikiɗe zuwa wasu alamomi, wannan ba ƙarshen layi ba ne, tsarin haruffa ne. Maganinsa na cikin Encoding a Notepad++, a adana da UTF-8. Ko sau goma ka bi da dos2unix, ba zai dawo da ƙugiyar ba. Shi ma Notepad na Windows tun 2018 ya iya karanta LF, don haka in ka ga rubutu ya dunƙule a layi ɗaya, tsohuwar Windows ce a shagon.

Mai shagon buga takardu da ke karɓar fayil ɗaya ko biyu, Notepad++ ya ishe shi. Mai kula da saba ya riƙe dos2unix, in kuma da Git yake aiki, wato manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, ya sa * text=auto a cikin .gitattributes, in za a tura fayiloli zuwa saba ta hanyar FTP kuma, a tura su a tsarin binary don kada a sake taɓa su a hanya.