Ajin Turancin 'yan kasuwa na bayan isha'i

Atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma saƙonnin masu turo mana kaya daga Indiya da Caina ne suka kai ni wannan aji. A wata firamare ake yin sa bayan isha'i, kan bencin yara, gwiwarka na dungurar tebur. Kuɗin wata bai kai na turmin atamfa mai kyau ba.

Malamin ba ya ɗora wa mutum haddar nahawu. Kalma ɗaya yake kamawa ya yi ta juya ta, kuma makon da ya kama "run" ne ya biya ni kuɗina. Mu dai gudu muka san ta da shi tun muna yara. Sai ya nuna janaretan da ke ruri a bakin taga ya ce "the engine is running", alhali ko motsawa bai yi daga inda yake ba, aiki kawai yake yi. Ya juya wajen wani dattijo ya ce, "Alhaji, kai ma 'you run a shop', ai kai ke tafiyar da shagonka." Mai neman kujerar gwamna "run for governor" yake yi. Kaya in sun ƙare, "run out" ne.

Wadda ta fi shiga raina ita ce ta sana'armu. In aka ce "the colour runs", zuba ake nufi, irin atamfar da za a jiƙa ruwan bokiti ya koma ja, washegari mai ita ta dawo maka da ita da faɗa. Yanzu kafin in tura ko sisi, sai na rubuta wa mai kaya, "Does the colour run?"

Malamin ya ce da aka sake bitar kalmar a babban ƙamus na Oxford a 2011, ma'ana 645 aka lissafa wa aikatau ɗin kaɗai, har ta sha gaban "set". Mu dai ma'ana bakwai ko takwas ya ba mu, sun kuwa ishe mu.

Inda ban gamsu ba shi ne bambancin "ran" da "has run". A gurguje ya wuce shi, kuma na tabbata rabin ajin ba su kama ba. Ga cunkoso, ga ƙarar janareta, na baya sai dai su bi bakinsa da ido. Wanda zai je ajin, ya yi sallah a masallacin kusa don ya samu bencin gaba, ya kuma tafi da littafin rubutu, domin ba a raba takarda.