Masu buga 3D na wajen Wunti, ga yadda aikinsu ya fito

Malaman bayoloji na Bauchi ku matso kusa, akwai wani ɗan shago wajen Wunti mai injin 3D da ke fitar da siffar abu da roba, na ba su aikin ƙashin wuyan Samotherium kuma wallahi sun fitar da ni kunya. Wannan dabba ɗan uwan raƙumin dawa ne da ya ƙare a duniya, ya rayu wajen shekara miliyan 7 da suka wuce, a tsibirin Samos na ƙasar Girka aka tono ƙasusuwansa. Wuyansa kusan mita 1 ne, na raƙumin dawa irin na gandun namun dajin Sumu yana kai mita 2, na okapi kuwa, wani ɗan uwan raƙumin dawa mai gajeren wuya, wajen santimita 60, amma dukkansu ƙashi 7 ne a wuyan, har mu mutane ma 7 ɗin ne, tsawon kowane ƙashi ne ya bambanta.

Ni ƙashi na uku ne damuwata. Binciken da aka fitar a 2015 ya nuna gefen da ke kallon kai shi ya fara tsawo, gefen baya ya tsaya gajere, sai can daga baya a raƙumin dawa shi ma ya miƙe, to in aka ɓata wannan wurin ai aikin ya tashi a banza. Yaron shagon da ya buɗe fayil ɗin a kwamfuta sai ya ce "Malam, wannan fa kamar bai daidaita ba, in gyara maka?" na ce a'a ƙanina bar shi haka Allah ya yi shi. Wannan tambayar ta burge ni sosai, wani da kawai zai gyara bai faɗa maka ba. Da ya fito ka ɗora yatsa kana jin inda tsawon yake, ɗalibaina suna ta miƙa wa juna, har masu zaman baya sun taso.

Matsala dai akwai. Rashin wuta ya sa sun saɓa alkawari, kuma tsinin da ke saman ƙashin ya fito siriri, ɗaya ya karye a jaka tun kafin in kai makaranta, sun sake buga min kyauta sai dai launin robar ya ɗan bambanta. Kuɗin ma da ɗan zafi ga mai albashin malanta. In za ku kai aiki ku ce su cika cikin da roba sosai, kuma ku ba su lokaci, kar ku kai ana gobe darasi.