SHERLOC: Rumbun Dokoki ga Masu Gyara Dokar Laifukan Intanet

SHERLOC rumbu ne na intanet da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, yake gudanarwa kyauta. An tara dokokin ƙasashe da hukunce-hukuncen kotuna a cikinsa, kuma laifukan intanet suna da ɓangarensu.

Amfaninsa yana fitowa ne idan aka tuna inda tsohuwar doka take gazawa. Sata a dokar da aka gada tana nufin a ɗauke wa mutum abinsa, alhali wanda ya kwafi bayanai ya bar wa mai su kayansa cif a inda suke. A Ingila, sai da kotun ƙoli ta lokacin ta tabbatar da wanke wasu masu kutse biyu a 1988 kafin a kafa dokar hana kutsen kwamfuta a 1990. A Filifin kuwa, an janye tuhumar wanda ake zargi da sakin ƙwayar cutar kwamfuta mai suna ILOVEYOU a 2000 saboda babu dokar da ta hau kansa. Mai tsara sabuwar doka yana buƙatar ganin yadda wasu suka toshe irin wannan ɓaraka, kuma a nan rumbun ya ciri tuta: mutum zai zaɓi ƙasa da nau'in laifi, ya karanta sashen dokar kansa, sannan ya koma ɓangaren shari'o'i ya ga yadda alƙalai suka fassara irin waɗannan kalmomi. A ganina, ɓangaren shari'o'in ya fi daraja, domin kalma guda kamar "ba tare da izini ba" tana iya ɗaure mutum ko ta sake shi.

Sai dai rumbun bai kai matsayin kundin gwamnati ba. Wasu dokokin suna cikin harshen ƙasarsu kawai, wasu ƙasashen kuma abin da aka samu daga gare su bai taka kara ya karya ba, don haka wajibi ne lauya ya tabbatar ba a yi wa sashe gyara ba kafin ya kafa hujja da shi.

Tun da Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da yarjejeniyar yaƙi da laifukan intanet a Disamba 2024, bayan makamanciyarta da aka ƙulla a birnin Budapest a 2001, ƙasashen da suka rattaba hannu za su sake duba dokokinsu, kuma ina ba kwamitocin da za su yi wannan aiki shawarar su fara kwatancensu daga nan.