Aikin jijiyar haƙori a Ikeja: haƙori ya tsira, kunci ya ji jiki

Wani ɗan'uwa da muke harkar albasa tare a Mile 12 ne ya yi mini kwatancen wannan ƙaramin asibitin haƙori na Ikeja, bayan turmina na sama ya daɗe yana hana ni barci. Wajen tsaf yake, kuɗin kuma kun san yadda yake yanzu. Aka ɗauki hoto, likita ya ce jijiyar ta mutu, sai an yi rut kanal, wato a kwashe ta a wanke ramin a cike.

Wajen wankin ne aka samu matsala. Yana tura ruwa da sirinji, warin Hypo ya cika mini hanci, ɗanɗanonsa har maƙogwaro, don bai kewaye haƙorin da robar nan da ake sa wa don tare ruwan wankin daga shiga baki ba. Can sai na ji kamar an manna mini garwashi a kunci, duk da allurar kashe zafin da aka yi mini. Na riƙe hannunsa. Kafin in isa Agege idon hagu ya kusa rufewa don kumburi. Washegari ƙarƙashin idon ya yi baƙi, Hajiya ta dube ni ta ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, ba 'yan tasha ba ne suka tare ka?"

Ashe ruwan sodiyam haifokulorait ne, sinadarin da ke cikin bilicin wanki, likitoci na amfani da mai ƙarfin kashi 0.5 zuwa wajen 5 cikin ɗari. Suna son sa ne don yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma narkar da ragowar matacciyar jijiya. To, bai san matacce da rayayye ba. Idan allurar sirinjin ta cije a ramin ko aka danna da ƙarfi, sai ya ɓulle ta ƙarshen saiwa ya shiga nama ya hau ƙona shi. Na tambaya ko babu wani ruwan, ya ce akwai kulohekzidin, amma shi ba ya narkar da komai, shi ya sa ba a rabuwa da wancan.

Gaskiya likitan bai ɓoye ba, bai kuma ɗora mini laifi ba. Nan take ya yi ta ɗauraye ramin da ruwan gishiri, ya ƙara allurar kashe zafi, ya ce ƙanƙara ranar farko, daga baya gashi da ruwan ɗumi. Ya ba ni magunguna, ya riƙa kira da kansa yana cewa "Alhaji, ya jiki?" da 'yar guntuwar Hausarsa. Kumburin ya saɓe a hankali, aka ƙarasa aikin, yanzu har tsire nake ci ta wannan ɓangaren. Har na yi niyyar rubuta yabo zalla.

Amma da na tuna ba wanda ya gaya mini haka na iya faruwa, takarda kawai aka miƙo na sa hannu, sai raina ya sake ɓaci. Sannan ranar da na koma da fuska a kumbure, bayan na sha cunkoson Agege zuwa Ikeja, mai karɓar baƙi ta ce sai na biya kuɗin ganin likita! Sai da likitan ya fito ya hana ta. Kasuwar da na rasa kuwa ba mai biya na. Sauran hular da za a ɗora wa haƙorin, wani wajen zan kai.