Gargaɗi ga iyaye: masu tallan sansanin hutu na bogi sun dawo

Assalamu alaikum iyaye 'yan'uwana. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, don ba wanda ke son a san an yi masa wayo. Amma dogon hutu ya ƙarato, kuma na ga tallan ya sake ɓullowa da sabon suna, shi ya sa na ce gara in fasa ƙwai.

Bara, ana saura mako uku a yi hutu, wata ta turo talla a zauren WhatsApp na iyayen ajin ɗana. Sansanin kwana na mako biyu a Jos, don yara 'yan shekara 9 zuwa 15: koyon kwamfuta, hawan dutse, iyo, har da tilawa bayan sallar asuba. Gaskiya tilawar nan ce ta saye ni. Kuɗi naira dubu 180 kowane yaro, wanda ya biya kafin Juma'a kuma dubu 150. Na kira lambar, wata mai zaƙin baki ta ɗauka, Hajiya sama Hajiya ƙasa, ta ce gurbi shida ya rage. Na biya wa yara biyu. Asusun da ta ba ni sunan mutum ne, ba na kamfani ba. Da na tambaya, ta ce na akantansu ne, nasu ya samu matsala. Na kuwa yarda.

Ranar tafiya aka ce mu hallara ƙarfe 7 na safe a wani gidan mai da ke titin Zariya. Mu wajen iyaye ashirin, ga yara da akwatuna da bokitai da rigunan sanyi. Har aka kira azahar babu mota. Lambar a kashe, shafinsu na Instagram ya ɓace.

Daga baya ƙanena ya sa hotunan tallan a Google Lens, manhajar da ke gano asalin hoto. Tafkin nan mai kwalekwale da ɗakunan katakon cikin daji duk na wani sansani ne a Amurka, inda tura yara sansanin kwana lokacin hutu tsohuwar al'ada ce. A hoto ɗaya ma ga motar makarantarsu mai ruwan ɗorawa a baya. Ido ya gani, hankali ne bai gani ba.

Kuɗin sun yi ciwo, amma ba su ke hana ni barci ba. Fam ɗin da na cika ne. Cikakken sunan yaro, hotonsa, makarantarsa da ajinsa, adireshin gida, ciwon da yake fama da shi, lambar mahaifinsa. Da hannuna na tura wa mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba, a ƙasar da aka kwashi ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, a Jangebe a Fabrairun 2021, a Kuriga a Maris 2024. Da a ce motar ta zo ranar nan fa? Da mun zuba mata yaranmu muna ɗaga hannu, zuwa wurin da ko ɗaya daga cikinmu bai taɓa takawa ba.

Ba cewa nake babu sansanin ƙwarai ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ta daɗe tana shirya IVC, wato sansanin karatun addini na lokacin hutu, ga kuma cibiyar horar da shugabanci ta gwamnati a duwatsun Shere kusa da Jos. Irin waɗannan suna da ofis, suna da mutanen da za ka iya zuwa ka zauna da su. To duk wanda ya ce ki ba shi ɗanki ya kwana a hannunsa, ki je ki ga ɗakin da idonki, ko Baban yara ya je. Wa zai kwana da 'yan mata? Wane asibiti ne kusa? Wanda ya ce ba a shiga sai ranar buɗewa saboda tsaro, ki riƙe kuɗinki. Hoton takardar rajista ba hujja ba ce, a bincika sunan a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kyauta ne, kuma sunan asusun ya zo daidai da na kamfanin. Masu tallan kai yara Landan kuwa da ke cewa biza tabbas ce, ƙarya suke, hukumar biza ta gwamnatin Birtaniya kaɗai ke yanke wannan hukunci.

Wadda ta riga ta biya, ta kira bankinta a take, ta shigar da ƙorafi a rubuce, ta kai rahoto wurin 'yan sanda da EFCC tare da rasit da hotunan hirar. Ni kunya ta sa na bari sai washegari, lokacin an riga an kwashe asusun tas.

Tallan bana ya ce Abuja, ya ƙara hawan doki, amma tafkin nan ne dai da kwalekwalensa. Don Allah kada ki tura wa wani zaure tallan da ba ki san mai shi ba. Baiwar Allahn da ta turo mana na bara ba da mugun nufi ta yi ba, ita ma 'ya'yanta uku ta biya wa.