Sharhi kan shafin What Scotland Thinks

Mai son gane alaƙar ƙuri'un jam'iyyar SNP (Scottish National Party, mai fafutukar 'yancin Scotland) da batun ɓallewar Scotland daga Birtaniya, wannan shafin intanet zai yi masa amfani. Kyauta ne, da Turanci kaɗai, kuma Farfesa John Curtice na Jami'ar Strathclyde ne ke rubuta akasarin sharhinsa.

Aikinsa tattara sakamakon binciken jin ra'ayin jama'a daga kamfanoni daban-daban, kowace tambaya da shafinta. A fara da buɗe tambayar 'yancin kai, a cire waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba, sannan a duba ranar binciken da yawan mutanen da aka tambaya. Binciken mutum 1,000 na iya kaucewa da kusan maki uku sama ko ƙasa, don haka 51 da 49 kunnen doki ne, duk abin da jaridu za su rubuta.

Babban alfanunsa shi ne raba farin jinin jam'iyya da goyon bayan ɓallewa. A 2015 SNP ta kwashe kujeru 56 cikin 59 na Scotland a majalisar Landan, wata takwas bayan kashi 55 sun ƙi ɓallewa a ƙuri'ar raba gardama ta 2014. A 2024 ta faɗo zuwa kujeru 9 cikin 57 da kashi 30 na ƙuri'u, amma masu son 'yanci suna nan dab da rabin jama'a. Tsarin zaɓen da mai rinjaye a mazaɓa ke cinye kujera shi ke kumbura nasara, shi ke kumbura faɗuwa.

Inda sabon mai amfani kan yi tuntuɓe shi ne lafazin tambaya. Idan aka tambayi mutane "a zauna ko a fita" maimakon "e ko a'a", goyon bayan ɓallewa kan ragu, saboda haka kada a gwama sakamakon biyun.

Alƙaluman kuma ba sa nuna shingen doka. Rinjayen kujeru 69 cikin 129 da SNP ta samu a majalisar Scotland da ke Edinburgh a 2011 ya kai ga ƙuri'ar 2014 ne saboda gwamnatin Birtaniya ta Firaminista David Cameron ta amince. A Nuwamban 2022 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa majalisar Scotland ba ta da hurumin shirya wata ba tare da yardar Landan ba. Wannan ɓangaren sai an bi rubuce-rubucen sharhin, ko an karanta hukuncin kansa.